Fatalwa mai bin bashi: daga Dakar zuwa Cikal

A rumfunan cajin waya na kasuwannin Filinge, Abala da Sanam, inda ake tura wa mutum finafinai a katin waya a kan ƴan kuɗi ƙalilan, fim ɗin ban tsoro na da nasa masu saye. Iyaye na kuka da shi, malamai na yin wa'azi a kansa, ma'aikatan da aka turo daga Yamai kuwa suna ɗaukarsa abin yara da marasa aikin yi. Kukan nasu yana bisa hanya, domin mafi yawan wannan haja tarkace ne: jini ba dalili, ihu ba ma'ana, da wani dodo da aka ƙera a Amurka don ya razana ƴan makarantar Amurka. Mutumin da ya kwana yana sauraren ƙarar babura daga wajen iyakar Mali ba shi da abin da zai koya daga irin wannan dodo.

Sai dai hukunci na bai ɗaya ba ya rasa zalunci a cikinsa. A shekarun baya-bayan nan wasu ƴan Afirka masu shirya fim sun ɗauki wannan fanni da aka raina, sun ɗora masa kaya mai nauyi. Fatalwar da ke cikin finafinansu ba ta zuwa haka kawai. Akwai abin da aka ci nata, shi ta zo karɓa: albashi, ko rai, ko gaskiyar da aka binne. Bahaushe ya riga ya taƙaita zancen tun da daɗewa, da ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Waɗannan finafinai sun cancanci ɗan kasuwa da ma'aikaci su ba su dare ɗaya, musamman a ƙasar Kurfai, wadda ke da tsohon haƙƙi a wannan fage, kamar yadda mai karatu zai gani nan gaba.

Arzikin da aka saya da rai

Tilas a fara da Najeriya, kuma da ɗan kasuwa. A 1992 Kenneth Nnebue, mai sayar da kayan lantarki da kaset a Legas, ya zuba kuɗinsa aka shirya fim ɗin bidiyo mai suna Living in Bondage cikin harshen Ibo. Labarin Andy ne, wanda talauci da ƙyashin abokai suka kai shi ga ƙungiyar asiri, ya ba da matarsa Merit don ya yi arziki. Arzikin ya zo, fatalwar matar ma ta zo, ta riƙa bayyana gare shi a duk ranar da ya shirya jin daɗi, har ya haukace. Hoton fim ɗin ya tsufa, muryoyin ma ba su fita sosai, amma daga gare shi ne ake ƙirga farkon masana'antar bidiyo ta kudancin Najeriya. A 2019 Ramsey Nouah ya shirya ci gabansa, da manyan motoci da jiragen sama da kyakkyawan hoto. Sabon ya fi kyan gani, tsohon ya fi cizo. A na 1992 mai kallo yana jin ƙyamar dukiyar, a na 2019 kuwa kyamara ta daɗe tana lasar dukiyar har saurayi na iya tashi daga kallo yana sha'awar abin da aka zo hana shi.

Albashin matattu

Atlantique, na Mati Diop ƴar Senegal, ya fito a 2019 kuma ya ci babbar kyauta ta alƙalai a bikin finafinai na Kan, a Faransa. Da harshen Wolof aka yi shi. Wasu samari leburori ne ke gina doguwar hasumiya a bakin teku a Dakar, an hana su albashin watanni. Da suka gaji da jeka-ka-dawo, sai suka shiga kwalekwale da dare suka nufi Sifen, teku ta cinye su. Bayan ƴan kwanaki sai wani zazzaɓi ya riƙa kama ƴan matan unguwar. Da dare ya raba sai su tashi, idanunsu sun yi fari fat, su taka babu takalmi har cikin falon ɗan kwangilar, su zauna kan kujerunsa, su yi magana da bakin samarin da suka mutu: a biya su kuɗinsu. A ƙarshe sun sa attajirin ya kawo kuɗin maƙabarta, suka kuma tilasta masa ya haƙa musu kaburbura da hannunsa, tun da teku ba ta maido da gawa ba.

Fim ɗin yana tafiya a hankali, kuma labarin soyayyar Ada da Suleman da ke tsakiyarsa zai gajiyar da mai neman tashin hankali. Amma duk ma'aikacin da ya rayu a shekarun 1990 a Nijar, lokacin da albashi kan yi watanni bai fito ba, ga kuma karyewar darajar sefa a Janairun 1994, zai gane waɗannan fatalwoyi tun kafin su buɗe baki. Haka duk uwar da ɗanta ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya aka daina jin ɗuriyarsa. Babu digon jini a wurin da ya fi ban tsoro a cikin fim ɗin. Mata ne zaune shiru suna jiran haƙƙinsu, wanda ake bi kuwa ya rasa inda zai sa kansa.

Abin da ɗan gudun hijira ke ɗaukowa

His House, na Remi Weekes, ya fito a 2020. Bol da matarsa Riyal sun tsere daga yaƙin Sudan ta Kudu, sun tsallake teku, hukumar Ingila ta ba su wani ruɓaɓɓen gida bisa sharuɗɗa: ba su da izinin yin aiki, ba su da izinin sauya gida, kuma ƙaramin kuskure na iya sa a maida su inda suka fito. Da dare sai a riƙa jin motsi cikin bango. Mijin na ɓarke bangon da guduma, yana so ya zama Bature da ƙarfi da yaji. Matar kuwa ta san abin da ke faruwa: wani mayen dare na ƙabilar Dinka ne ya biyo su, domin akwai bashi a kansu. Sannu a hankali ake gane bashin. Yarinyar da suka ce ƴarsu ce, wadda ta nutse a teku, ba tasu ba ce. Bol ne ya fizgo ta a cikin turmutsitsi don a ba su wuri a motar da ke kwashe masu yara, uwarta na bin motar a guje tana kiranta.

Wannan shi ne mafi ƙarfi a cikin jerin, kuma shi ya fi kusa da Abala. Tun 2012 garin ya karɓi dubban ƴan gudun hijira daga yankin Menaka na ƙasar Mali, daga baya kuma ƴan ƙasa da aka kora daga ƙauyukansu na kan iyaka suka ƙaru a kansu. Ƙungiyoyin agaji na ƙirga buhunan hatsi da tantuna da rijiyoyi, kuma aikinsu ke nan. Abin da ba ya shiga takardar ƙidaya shi ne abin da mutum ya gani, ko ya aikata, ko ya kasa hanawa a daren da ya gudu. Fim ɗin bai wanke Bol ba, bai kuma tsine masa ba. Ya nuna cewa gidan ba zai zaunu ba sai ya amsa laifinsa da bakinsa. Ma'aikacin lafiya ko malamin lakwal da ke hulɗa da waɗannan bayin Allah zai ƙaru da shi fiye da taron bita na kwana uku a otal.

Biyu masu rauni, ɗaya mai hangen nesa

Nanny, na Nikyatu Jusu, ya ci babbar kyautar bikin Sandans na Amurka a 2022. Aisha ƴar Senegal ce mai rainon ɗiyar wasu masu hali a Niyok, suna cinye mata kuɗin ƙarin aiki, alhali tana tara kuɗin jirgin da zai kawo mata ɗanta. Wulaƙancin da ke tsakanin uwar gida da ƴar aiki ya fito sarai. Aljanar ruwa da gizo da aka saka a ciki kuwa sun zama kamar ado, ko an cire su labarin na nan yadda yake.

Saloum, na Jean Luc Herbulot ɗan Kwango, na 2021 ne. Sojojin haya uku sun tsere daga juyin mulkin Gine Bisau na 2003 da zinariya da wani dillalin ƙwaya, suka ɓuya a wani sansanin baƙi a yankin Salum na Senegal. Ashe shugabansu da gangan ya kawo su: mai sansanin shi ne wanda ya bautar da shi yana yaro a fagen yaƙi. Rabin farko ya ɗaure mai kallo tamau. Da aka kashe azzalumin, iskokin wurin suka ɓalle, sai fim ɗin ya koma guje-guje da harbe-harbe. Duk da haka ya bar tambaya mai amfani ga duk ƙasar da ake ɗaukar yara ana ba su bindiga: wane irin babba ne yaron nan zai zama?

Mami Wata, na C. J. Obasi ɗan Najeriya, ya fito a 2023. A Jamhuriyar Benin aka ɗauke shi, da hoto baƙi da fari, kuma kyan hoton nasa ya samu kyauta a Sandans. A wani ƙauyen bakin teku, Mama Efe ce ke tsakanin jama'a da aljanar ruwa, ita ake kai wa gaisuwa da amfanin gona. Wani yaro ya yi ciwo, ta kasa ceto shi. Samari suka fara tambaya: ina asibiti, ina makaranta, ina wutar lantarki, kuma ina dukiyar da ake tarawa take tafiya? Tambayar tasu gaskiya ce, sai dai wanda ya zo da amsa wani baƙo ne da teku ta jefo, tsohon ɗan tawaye. Da shi da samarin suka kawar da tsohuwar, bindigogi suka shigo, asibitin kuwa ba a gan shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya san yadda masu ɗauke da makamai suka samu gindin zama a arewacin jihar Tillaberi, ta hanyar rikicin makiyaya da manoma da aka bari ya ruɓe da kuma nisan hukuma daga talaka, ba ya bukatar a fassara masa wannan fim.

Nijar ta riga su

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne ƙasar nan ta taɓa zama a sahun gaba na sinimar Afirka. Umaru Ganda ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. A 1973 kuma, ana tsakiyar babban fari, Mustafa Alasan tare da Anna Soehring suka fito da Toula, daga wata tatsuniya ta yammacin ƙasar da Bubu Hama ya rubuta. Ruwan sama ya ɗauke, dabbobi na mutuwa, boka ya ce aljanin tafki na son a ba shi budurwa, kuma abin ya faɗa kan Tula, ƴar gidan sarauta. Saurayinta ya ƙi yarda, ya tafi neman ruwa da ƙafarsa, amma kafin ya dawo an riga an miƙa ta. Ba a kira shi fim ɗin ban tsoro ba a lokacin, amma tsoron da ke cikinsa ya fi na dodanni: shugabanni sun rasa dabara, sai suka biya da ran wanda ba shi da baki. Shekara guda bayan haka, ran 15 ga Afrilun 1974, sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce, ɗan Fandu a yankin Filinge, suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da taimakon yunwa na cikin manyan dalilan da suka bayar.

Amma fim ɗin da ya fi kowane razana duniya daga wannan yanki ya girmi Toula da kusan shekara 20, kuma tushensa na nan Kurfai.

Shibo da Kumandan Mugu

A 1925, a ƙauyen Cikal kusa da Filinge, wasu baƙin iskoki suka hau wata mace mai suna Shibo. Ba su yi kama da iskokin bori da aka sani ba. Suna ƙamewa kamar soja, suna sara wa juna, suna ba da oda da wani gwamutsen Faransanci, suna wasa da wuta ba ta ƙona su. Hausawa suka kira su Babule, a ƙasar Zabarmawa kuma sunan Hauka ya bi su. Lokacin kuwa talakan Kurfai na cikin matsi: ga lampo, ga aikin dole, ga sarkin kanto Gado Namalaya wanda ƙarfinsa ya dogara ga Nasara. Matasa maza da mata suka bi Shibo, suna atisaye da bindigogin itace, suna ƙin biyan lampo da zuwa aikin dole. Sarki ya kai ƙara. Kumandan Yamai, wani mai suna Crocicchia, ya sa aka kamo su da yawa, aka kai su Yamai aka kulle, aka yi musu dukan kawo wuƙa don su ce iskokin nan ƙarya ne. Daga baya aka kori shugabanninsu daga ƙasar.

Abin da ya biyo baya babu marubucin fim da zai iya ƙago irinsa. Maimakon iskokin su ɓace, sai suka ƙaru da mutum ɗaya: shi kansa kumandan ya zama iska a cikinsu, ana kiransa Korsasi, ko Kumandan Mugu. Wanda ya ɗauki bulala don ya kashe abin, sai ga shi an ɗaure shi a cikinsa, yana hawa talakawa yana kumfar baki yana zage-zage, jama'a na kallo, wasu na tsoro wasu na dariya. Shi Crocicchia ya ci gaba da samun girma har ya yi gwamna a Kodebuwa da Gine, amma a Nijar wannan suna ne ya rage masa.

Ƴan ci-rani suka tafi da Babule har Gwalkwas, Gana ta yau. A can ne, a 1954, Jean Rouch ya ɗauki taronsu na shekara a wani daji kusa da Akara, ya fitar da fim ɗin Les Maîtres fous, wato mahaukatan iyayengiji, wanda bai kai minti 40 ba. A ciki ana ganin leburori da ƴan dako ƴan Nijar sun rikiɗe: wannan Gwamna, wancan Janar, ga Kafaran Gardi, ga matar likita, ga direban jirgin ƙasa yana kai da kawowa. Idanu sun juye, kumfa na zuba, ana ɗora wuta a jiki. An fasa ƙwai a kan gunkin Gwamna, nan take Rouch ya nuna Gwamnan Ingila na gaskiya a faretin soja da farin gashin tsuntsu na zubowa daga hularsa. Sannan aka yanka kare, aka dafa, aka ci. Washegari kyamara ta sami mutanen nan a bakin aikinsu cikin birni, lafiya lau, suna murmushi.

Da aka nuna shi a Gidan Tarihin Ɗan Adam na Paris a 1955, malamin Rouch, Marcel Griaule, ya ce a lalata shi. Ɗaliban Afirka da ke zauren suka fusata, suna ganin an ba masu wariyar launi abin da suke nema. Hukumar Ingila ta hana nuna shi a ƙasashen da take mulka, domin ta gane da wa ake. A 1957 ya ci kyauta a bikin Banis na Italiya, kuma har yau ana koyar da shi a jami'o'in duniya. A 1965 Usman Samben na Senegal ya faɗa wa Rouch ido da ido cewa shi da irinsa suna kallon ƴan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari.

Adalci ya wajaba ga Rouch. Ya ƙaunaci ƙasar nan, ta hannunsa Umaru Ganda ya shiga sinima, a kan hanyar Ƙonni ya rasu a haɗarin mota a Fabrairun 2004, a Yamai kuma aka binne shi. Fim ɗinsa shaida ce da babu irinta. Amma daga farkonsa har ƙarshe murya ɗaya ce ke bayani, ta Rouch. Mai kallo a Paris ya ga kumfa da naman kare, bai ga lampo ba, bai ga kurkukun Yamai ba, bai ji sunan Cikal yadda ya kamata ba. An nuna masa fatalwar, an bar bashin da ta zo karɓa a duhu. Abin da Mati Diop ta yi wa leburorin Dakar, wato ta fara nuna ranar da aka hana su albashi kafin ta nuna daren da suka dawo, shi ne abin da Babule suka rasa. A 2025 labarin Cikal ya cika shekara 100, kuma hoton da duniya ta sani na Babule har yanzu na baƙo ne.

Tsoron da ba na wasa ba

Wani zai ce mutanen da ke cikin dokar ta-ɓaci tun 2017 ba fim ne ya dame su ba. A ƙarshen Mayun 2017 an kai hari garin Abala kansa. Ran 25 ga Disambar 2019, kusa da Sanam, an kashe jami'an tsaro 14 da ke rakiyar masu rajistar zaɓe. Ran 9 ga Janairun 2020 sojoji 89 suka kwanta dama a Cinagodar. Ran 15 ga Maris 2021 aka tare motocin da ke dawowa daga kasuwar Banibangu aka kashe mutum 58, galibinsu masu cin kasuwa. An hana hawan babur a jihar a farkon 2020, kuma kowane ɗan kasuwa ya san abin da wannan ya jawo wa ciniki.

Amma masu wannan ta'asa su ba su raina hoto ba. Bayan harin Tongo Tongo na 4 ga Oktoban 2017, sun ɗauki abin da kyamarar hular wani sojan Amurka ta naɗa, suka tsara shi, suka sake shi a 2018 ya zaga duniya. Sun san cewa hoton gawa ɗaya da ya shiga wayoyi dubu ya fi harsashi dubu aiki: yana watsa kasuwa kafin su iso, yana sa ƙauye ya miƙa shanu da sunan zakka ba tare da gardama ba. Duk wanda ya tura irin wannan hoto a WhatsApp, ko da da niyyar jaje ne, ya yi musu dako kyauta. Wannan ne fim ɗin tsoron da ya kamata iyaye da malamai su fi yaƙa. Na Diop da na Weekes suna sa mutum ya tambayi wane ne ya ci haƙƙin wani, na ƴan bindiga kuwa so yake mutum ya daina tambaya baki ɗaya.

Abin da ya rage a yi

A Oktoban 2024 hukuma ta sauya sunan cibiyar al'adu ta Yamai da ke ɗauke da sunan Jean Rouch, ta sa mata na Mustafa Alasan. A Maris 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sauya allo aikin yini ɗaya ne. Saurayin Abala nawa ne ya taɓa ganin fim ɗaya na mutumin da aka sa sunansa a allon? Cibiyar Sinima ta Ƙasa da wannan cibiya su nemo kofen finafinan Alasan, Ganda da Jingarai Maiga, a juya su zuwa Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Buzanci, a raba wa masu rumfunan tura finafinai kyauta. Ƴan Kano sun daɗe suna juya finafinan Indiya zuwa Hausa da ƙananan na'urori, har suna cin riba, don haka ba a iya cewa aikin ya fi ƙarfin gwamnati.

Na biyu, waɗanda suka ga Shibo da idonsu sun ƙare, amma jikokinsu na nan a Cikal da Filinge da ƙauyukan Dallol, da abin da suka ji daga bakin kakanni. Naɗar muryoyinsu ba ya bukatar fiye da ɗalibai kaɗan na Jami'ar Abdu Mumuni da ƴan kuɗin mota, kuma kowace shekara da ta wuce ana rufe wani da nasa kason labarin.

Na uku ya shafi ƴan kasuwa. Ɗan kasuwa ne ya haifi masana'antar bidiyo ta Legas, ƙungiyar wasan kwaikwayo ce ta Tumbin Giwa ta fara ta Kano da Turmin Danya a 1990, babu wanda ya jira minista. Masu shirya fim ma akwai su: Rahmatu Keita, da Aisha Maki wadda fim ɗinta Zinder na 2021 kan matasan unguwar Kara-Kara ya zaga duniya. Kada a maimaita abin da ya faru da Sarraounia na Med Hondo, labarin sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Bule da Shanuwan a 1899: labarin na Nijar, marubucin littafin Abdullahi Mamani ɗan Nijar, amma a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, ya kuma ci kyautar FESPACO a 1987.

Za a samu masu ja, kuma ya kamata a saurare su. Malamai za su ce bori shirka ne. Ba da labarin abin da ya faru a 1925 ba kira ne zuwa ga bori ba, kamar yadda Toula bai kira kowa ya miƙa ƴarsa ga tafki ba. Gidan sarautar Filinge na iya jin ana tona asirin kakansu. Fim na kirki zai ba Gado Namalaya nasa uzurin, ya nuna sarkin da ke tsakanin bulalar kumandan da fushin talakawa, domin matsayin nan bai ƙare da tafiyar Nasara ba, kuma kowane mai gari a kan iyakar Mali ya san ɗacinsa a yau. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In har za a sake nuna wa duniya Kumandan Mugu yana kumfar baki, to a fara da ranar da masu karɓar lampo suka shiga Cikal, kuma a bar mutanen Kurfai su yi bayani da harshensu.